Kunne Ɗaya Nawa, Ɗaya Nasa

Sallama gare ku, da ku da kuke tare da ni tun farko, da ke da yau kika faɗo nan. Ku yi haƙuri da shirun da na yi. Wata ta rubuto min cewa in dai labarin soyayya nake bayarwa, to ina kalaman soyayyar suke? 'Yar'uwa, ni ma su nake nema. Shekara huɗu da aurenmu mijina bai taɓa buɗe baki ya ce yana sona ba, yanzu kuma ko sunana ba ya iya kira.

Bari in taƙaita saboda sababbi. Ni tela ce, kekena yana falo a jikin taga. Mijina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shi ya sa nake ce masa Mai Firji, shi kuma ya ce min Tela. Watannin baya tsani ya zame da shi yana ɗaura na'ura a bangon wani bene, kansa ya bugu. Ya rayu, mun gode Allah. Amma hannunsa na dama da ƙafar dama sun ƙi aiki, magana kuma ta ɗauke. Yana ji, yana gane komai, idonsa yana bin mutum har bakin ƙofa. Likita ta ce maganar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, kuma tana faɗa tana duba agogonta.

Kafin in kai ku ranar Asabar ɗin da ta wuce, sai kun san wani abu game da mutumin nan. Shi da ba ya iya haɗa magana uku a gaban baƙi, kiɗan da ake kira metal yake ji. Idan ba ki san shi ba, ki ɗauka an kunna injin niƙa a cikin ɗaki, wani yana ta dukan kwanon rufi, wani kuma yana ihu tun daga ƙasan maƙogwaro. A shagon ubangidansa ya koyo jin shi. Makon farko na aurenmu na zauna ina kallonsa yana kaɗa kai da ido a rufe, a raina na ce, shi ke nan, an haɗa ni da mai iskokai.

Da ya lura abin yana sa min ciwon kai, sai ya kashe shi. Washegari ya dawo da iyafis mai igiya, irin wanda ake cusawa a kunne, bai ƙara kunna sifika a gidan nan ba. Sai dai duk ranar da sabon albam ya fito, zai jawo kujerar roba ya zauna kusa da kekena, ya miƙo min kunne ɗaya. Kullum na hagu yake ba ni, wai jitar da ke tsaga kunne ta fi fita a na dama. Ina ɗinki, yana zaune, har abin ya ƙare. Sannan ya ɗaga gira.

"Tela, ya kika ji?"

"Ba yabo ba fallasa."

"Ba ki ji inda mai ganga ya juya ba?"

"Na ji. Kamar ya manta inda za shi ne."

Sai ya yi kwanaki yana kare su. Mutumin da "sannu da aiki" ke yi masa nauyi a baki, sai ga shi ya zama lauya, yana bina har kicin da hujjoji. Ni kuma in ƙi sauka daga bakana. Mafi girman yabon da na taɓa ba shi shi ne "wannan da dama-dama", kuma ranar sai da ya fita ya sayo min kankana. Hirarmu ke nan. Sauran abin da ke ransa a kekena nake gani, don ban taɓa zuba masa mai da hannuna ba, kullum da safe a shafe nake samunsa. Almakashina bai taɓa dakushewa ba. Idan muna kwance ana zafi, sai in ji iskar fanka ta dawo kaina, shi kuma ya juya baya kamar ba shi ya karkata ta ba.

Tun da aka sallamo mu daga asibiti gidan nan ya cika da ƙarya. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ɗaga murya kamar da kurma yake magana, ya ce, "Ai jiki ya yi kyau, kwana kaɗan za ka miƙe." Su fita tsakar gida su girgiza kai. Ni ma ban tsira ba. Na daina ce masa Mai Firji, na koma "sannu, maigida" da wata siririyar murya da ni kaina ba na gane ta. Idan ya haɗiye cokali ɗaya in ce, "Yauwa, ka yi ƙoƙari." Haka nake yi wa ɗan ƙanwata mai shekara biyu.

Akwai wasu mawaƙa da ya fi so duk cikinsu, waɗanda ya yi shekaru yana jiran sabon albam ɗinsu. Yana kwance a asibiti albam ɗin ya fito. Bayan mun dawo gida wani abokin aikinsa ya zo ya sa masa a waya. Na ce to, wataƙila wannan ya faranta masa. Na gyara masa matashi, na sa masa iyafis a kunnuwa duka biyu kamar mai ba da magani, na juya zan tafi wanki. Sai na ji ya ja gefen rigata. Ya ciro na hagu da kyar, ya miƙo min.

Na zauna na ji har ƙarshe. Da ya ƙare ya ɗaga girarsa ta hagu, ita kaɗai ke ɗaguwa yanzu.

Na washe baki na ce, "Kai, ya yi daɗi sosai. Wannan ai ya fi duk na baya."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zare abin daga kunnensa, ya juya fuskarsa bango. Daga ranar ya daina matsa ƙwallon robar da likita ta ce ya riƙa matsawa. Idan na kawo cokali sai ya ture da bayan hannu. Abinci sai Yaya Babba, wansa, ya zo da yamma ya ba shi. Ni kuma na rasa laifin da na yi, tunda yabo na yi.

A cikin wannan hali Umma, mahaifiyata, ta matsa sai na bar auren. Ta zo wata safiya da wani akwati baƙi mai taya, babu komai a ciki, ta ajiye shi bayan ƙofar falo. Ta zauna a kujerata ta ɗinki, ta ƙare min kallo tun daga ɗankwali har silifas.

"Dubi wuyanki. Dubi yadda rigar nan ke yawo a jikinki."

"Umma, ki rage murya, ƙofar ɗaki a buɗe take."

"Ya ji mana. Ba gaba nake da shi ba, yaron kirki ne. Amma ke nawa kike? Ko haihuwar fari ba ki yi ba."

"Umma..."

"Shekara tara na yi ina juya babanki a kan gado. Ke kina ƙarama, ba ki san komai ba. Ni na san ƙarshen hanyar nan, na taka ta da ƙafata. Ba zan zuba ido ki bi ta ba."

Ba ƙarya ta yi ba. Bayanta har yau bai miƙe ba, a karkace take sallah. Masu zagin Umma a sharhi, ku sassauta mata. Tsoro take ji, kuma ta san abin da take tsoro.

Ga kuma mai kyamis na bakin titi, inda nake sayen maganin Mai Firji. Mutum ne mai tsafta, farar rigarsa kullum a goge, turarensa yana riga shi isowa. Ya karɓi lambata wai don ya riƙa sanar da ni idan magani ya zo. Saƙon farko na magani ne. Na biyu ya ce, "Kin ci abinci kuwa? Yau na ga fuskarki ta faɗa." Daga nan suka fara zuwa safe da yamma. "Mace irinki hutu ya kamace ta." "Ba na gaggawa, zan jira duk tsawon lokacin da ya ɗauka." "Tunaninki ya hana ni lissafin kaya yau." Har gidan Umma ya je gaisuwa da ledar 'ya'yan itace.

Ban taɓa amsa masa ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, ina karantawa, wani lokaci sau biyu, kuma ba na gogewa. Duk rayuwata babu namijin da ya taɓa jera min magana irin wannan. Idan kin wuni kina wanke zanin gado, hannunki yana warin sabulu da magani, sai wani ya tambaya ko kin ci abinci, wallahi sai kin ji wani abu. Wata rana ina matse tawul, wayata tana kan gado kusa da hannunsa mai lafiya, ta yi haske. Da na juyo, idonsa yana kanta. Bai ture ta ba, bai kalle ni ba, ya dai lumshe ido.

Ranar Alhamis Yaya Babba ya kira ni tsakar gida, yana ta murza hularsa a hannu.

"Ƙanwata, kin yi iya yinki, kowa shaida ne. Ummanki ta yi min magana. Ni kuma na tambaye shi ko a sauwaƙe miki, ya gyaɗa kai."

"Ya gane tambayar kuwa, Yaya?"

"Sau biyu na maimaita. Ranar Asabar bayan la'asar za mu zo da Umma da dattijon nan maƙwabcinku, a yi a gaban shaida. Ni zan ɗauke shi ya koma wajena."

Na ce to. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Kuka na yi, amma fushi ya fi yawa a ciki. Ni da na bar ɗinkin mutane ya taru, ni da na koyi ɗaga ƙaton namiji ni kaɗai, ni za a sallama da gyaɗa kai.

Asabar ta zo. Na share gida, na goge tayil, na canza labulen ɗaki. Na yi masa wanka, na sa masa shuɗiyar rigarsa mai aljihu biyu, wadda na ɗinka masa da kaina. Duk abin nan bai kalle ni ba. Ni na sa doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, ko hoda ban shafa ba. Bayan azahar na ɗauko siket ɗin wata mata da ya rage kalmasa, na zauna a bakin gado da allura, don hannuna ya samu abin yi. Shi yana kwance fuskarsa a bango, iyafis a kunnuwansa biyu. Ina jiyo ƙaramin sautin yana fita, albam ɗin nan ne.

Allura ta soke ni. Na tsotse yatsan, na kalli ƙeyarsa, sai na ji wani abu ya taso min tun daga ciki. Na miƙa hannu na fizge na hagu, na cusa a kunnena.

"Tunda yau za ka kore ni, Mai Firji, bari in faɗa maka gaskiya kafin in tafi. Albam ɗin nan bai yi ba."

Kafaɗarsa ta motsa.

"Waƙar farko ba laifi. Ta biyu kuwa sun gama abin da za su faɗa tun a tsakiya, suka ƙi tsayawa. Mawaƙin ya tsufa, ihun ma da kyar yake fita, kamar a ba shi ruwa. Wancan na baya mai jan bango, da na ce maka ba yabo ba fallasa, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Duk shekarun da ka yi kana damuna da zancensu, abin da suka kawo maka ke nan?"

Muryata ta gaskiya ce ta fito, wadda nake ciniki da ita a kasuwar yadi. Hawaye na zuba, ban share ba.

A hankali ya juyo. Ya ɗauki lokaci, don juyi aiki ne a wajensa, kuma ban taimaka masa ba. Ya kalle ni ido cikin ido, rabon da ya yi haka har na manta. Sannan ya ɗaga hannunsa na hagu, ya shimfiɗa tafin, ya karkata shi nan, ya karkata shi can. Wato shi ma haka ya gani, tsaka-tsaki ne. Tun ranar farko ya san bai yi daɗi ba, ya kuma san na sani.

Sai ya ɗaga yatsu huɗu.

"Ta huɗu?"

Ya gyaɗa kai. Na lalubo ta a wayar na kunna. Muka kasa kunne. Da aka zo wani wuri inda komai ya tsaya sai ganga kaɗai, ya fara buga yatsa a kan katifa, yana binta daidai. Ya ɗaga gira.

"Wannan da dama-dama," na ce. "Amma kada ka fara zuzutawa, waƙa ɗaya ce a cikin tarin shirgi."

Ya ɓata fuska. Ya buga katifa, ya nuna wayar, ya nuna kunnena, wai ban saurara da kyau ba. Wani sauti ya fito masa ta hanci, rabin bakinsa ya ja gefe. Na ɗauka shaƙewa ya yi, har na miƙa hannu ga kofin ruwa, ashe dariya ce. Musu yake yi da ni, da hannu ɗaya da gira ɗaya.

Tunda bakina ya buɗe, na ce bari in ƙarasa.

"Kai ma jikinka bai yi kyau ba, ƙarya suke maka. Ka rame, gemun nan ya yi muni. Hannun nan kuma ba na ce zai warke ba, ban sani ba, likita ma ba ta sani ba. Amma ƙin matsa ƙwallon nan ragwanci ne da taurin kai. Saƙon mai kyamis da ka gani, na karanta, ban amsa ba, ban kuma goge ba. Na gaji, Mai Firji. Akwai ranar da nake ji kamar in buɗe ƙofa in yi ta tafiya. Amma in zan tafi ni zan faɗa da bakina. Ba kai za ka yanke min ba don kana jin tausayina."

Idonsa ya yi ja. Bai kau da kai ba. Muna haka aka yi sallama a falo, na zare iyafis ɗin na ajiye a cinyata.

Suka shigo. Umma da babban mayafinta ruwan ƙasa ta zauna a kujerar roba, ta ɗora jaka a gwiwa. Dattijon ya tsaya a jikin ƙofa yana kallon ƙasa. Yaya Babba ya tsuguna a gaban gado, ya yi gyaran murya, ya kuma ɗaga ta kamar yadda kowa ke yi.

"Ɗan'uwa, ka san abin da ya kawo mu. Idan har yanzu kana kan bakanka, ka sauwaƙe wa yarinyar nan, ɗaga hannunka mu shaida."

Hannun ya motsa a kan zanin gado. Ya ɗagu. Na ji Umma ta sauke numfashi, ni kuma na runtse ido.

Sai na ji yatsu a cinyata suna lalube. Na buɗe ido. Ya ɗauki iyafis ɗin, ya kawo shi kusa da fuskarsa ya duba ko na hagun ne, sannan ya miƙo shi wajen kunnena. Sau biyu abin yana faɗuwa a kan mayafina. A na uku abin ya zauna a kunnena, ya bar yatsansa a kai kamar mai tsoron kada ya sake zamewa.

Yaya Babba ya sassauta murya, karon farko tun da aka yi hatsarin.

"Ka fasa ke nan?"

Ya gyaɗa kai.

Dattijon ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fice kamar dama jira yake. Yaya Babba ya share fuska da hularsa ya bi bayansa. Umma ce ba ta motsa ba.

"Tashi mu tafi," ta ce. "Da saki ko babu, ki zo gida ki huta."

"Umma, albam ɗin bai ƙare ba."

"Wannan hayaniyar? Daɗi gare ta haka?"

"A'a, babu wani daɗi sosai. Amma zan ji ta har ƙarshe."

Ta daɗe tana kallona, ta kalli hannunsa a jikin kunnena. Na zaci faɗa za ta yi, na ma shirya masa. Sai ta miƙe a hankali, tana dafe da ƙugu, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya ba tare da ta juyo ba.

"Ni ma haka na ce wa tawa uwar a shekarar farko. Akwatin na bar miki shi."

Na ce ta gaida gida, ba ta amsa ba.

Da yamma ya ci rabin faranti daga hannuna. Da na ce ya ƙara ya ture, na ce masa shi ya sani, ba ni zan kwana da yunwa ba. Bai yi magana ba, har yau da nake rubuta muku bai yi ba, ƙafar ma tana nan yadda take. Wayata ta yi haske sau biyu a kan keke, na san ko wane ne, ban duba ba tukuna. Da na zauna ƙarasa kalmasar siket ɗin nan a bakin gado, zufa tana bin wuyana, sai na ji iska ta dawo kaina. Ya miƙa ƙafarsa mai lafiya ya tura gindin fanka, sannan ya juya bango abinsa.

Akwatin yana nan a bayan ƙofa. Ban buɗe shi ba, ban kuma mayar wa Umma ba.